Zare da Basilla a Zangon Lome

Duk wanda ya nazarci labarin fataken goro, waɗanda suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina suna ratsa ƙasar Bargu da Jugu da Sansanin Mango har su sauka Salaga ta ƙasar Gwanja, zai tarar an ambaci madugu da jagaba da uban dawaki, an ƙidaya jakuna da kuɗin fito, amma da wuya ya ga inda aka ambaci zaren da ya riƙe kayan ayarin baki ɗaya, alhali kuwa tafiyar watanni, da kwana a sarari ƙarƙashin raɓa da ruwan sama, ba ta yiwuwa sai da ɗinki mai aminci.

Alal haƙiƙa fatakenmu ba ma'abota tanti ba ne kamar Larabawa da Buzaye. In sun sauka a zango bukkar ciyawa suke haɗawa, gari ya waye su bar ta. Abin da suke ɗauka shi ne waga da mangala, da salkar ruwa, da burgami, da gafakar littattafai, da fatun da ake lulluɓe kaya da su, kowanne kuwa da abin ɗinkinsa. Baduku yakan ɗinka fata da fata, wato ya tsaga siririyar tsirkiya ya jiƙa ta, ya huda ya zura, in ta bushe ta ƙame ta riƙe. Buhu da huhun goro sai basilla da igiyar rama. Abin da ya shafi saƙi kuwa, na auduga ne wanda mata suka gurza suka shiɓa suka kaɗa da mazari, ko dai arafiya siriri, ko abawa mai kauri, a ruɓanya shi a murza, a goga masa kakin zuma don ya yi santsi ya jimre wa ruwa. Tsamiya da alharini na aikin riga ne, ba su da hurumi a nan. Har fiƙihu ya shiga cikin al'amarin, domin a mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana, fatar mushe in an jeme ta ana iya amfani da ita, amma ba a salla a kanta, ba a kuma sayar da ita. Saboda haka mai taƙawa yakan bincika asalin fatar kafin ya yi ciniki.

Hikimar da ke cikin wannan zaɓe, wadda a ganina ita ce asasin sana'ar, ita ce kada zare ya fi abin da ya ɗinka ƙarfi, domin idan jaki ya yi tuntuɓe kaya suka fizga, dole ɗayan biyu ya saki. In zare ne ya tsinke, mutum ya zauna gindin itace ya mayar da ɗinkinsa kafin azahar, in kuwa ƙyallen ne ya yage bisa layin hujin allura, to, babu masaƙa a dokar daji. Ga kuma wata fa'ida ta auduga: in ta sha ruwa takan kumbura ta toshe hujin da allura ta bari.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwar garin, wasu suka nufi Kete-Karachi, inda Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934, wasu kuma suka gangaro gaɓar teku. Da Jamus suka mayar da Lome hedkwatar mulkinsu a 1897, suka gina gadar jiragen ruwa a 1904, suka kuma shimfiɗa dogo zuwa Anecho da Palime da Atakpame, sai zangon Lome ya bunƙasa da masu goro da masu shanu da mahauta da maɗinka. A nan ne zaren arewa ya gamu da abin da bai saba da shi ba. Ruwan da ke sauka a Lome bai ma kai na Zariya ba, amma iskar teku mai laima da gishiri ba ta yankewa, sai auduga ta yi fumfuna ta ruɓe, basilla ta yi tsatsa a cikin kube.

Abin mamaki, a daidai wannan zamani Jamus suka ɗauko baƙaƙen fata daga makarantar Tuskegee ta Amurka, suka iso a farkon 1901 ƙarƙashin James Calloway, don su inganta noman auduga, aka kuma buɗe makarantar aikin a Notse. Sai dai maƙasudin shi ne a ciyar da masaƙun Jamus, don haka auduga ta riƙa fita ta gadar teku, zaren inji a naɗe yana shigowa ta nan, tare da keken ɗinki wanda ba ya karɓar zaren mazari saboda rashin daidaiton kaurinsa. Sannu a hankali kaɗi ya zama aikin tsofaffi.

A 1977 hukuma ta rushe tsohon zangon da ke tsakiyar gari, aka mayar da jama'arsa arewa, wajen Agoe, a bakin hanyar da manyan motoci ke bi daga tashar jiragen ruwa zuwa Burkina Faso da Nijar da Mali. Ayari ya zama jerin tireloli, fatar lulluɓe kaya ta zama tamfol, rumfar biki da ta zaman makoki ta zama ta haya. Mai ɗinkin tamfol a yau zaren roba yake saye, kuma iri biyu ne a gabansa: nailan, wanda aka ƙirƙira a Amurka a 1935, mai ƙarfi da talewa amma rana tana cin sa, da foliyesta, wanda aka samo a Ingila a 1941, wanda ya fi jimre wa rana, shi ne kuma ya fi dacewa da abin da zai wuni a sarari daga Lome har Yamai. Dukansu ba sa ruɓewa, amma ba sa kumbura, shi ya sa ake bin layin ɗinkin da gam, ko a ninka bakin tamfol a ɗinka biyu, don kada ruwa ya bi hujin ya sauka a kan buhunan shinkafa.