Bashin da Ke Kan Mai Ɗaga Mota

Lokacin da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya cire ni daga makarantar zaure ya damƙa ni ga wani makaniki a Fagge cikin shekarar 1972, yana cewa tunda karatu ya ƙi zama a ka sai a jarraba hannu, motar da ake shiga daji da ita a ƙasar nan kusan guda ɗaya ce, wato Land Rover, wadda bakin mutanenmu ya mayar Landiroba. Tun 1948 Turawan Ingila suka fito da ita, kuma kafin a ba mu mulkin kai da wuya a sami Di'o ko malamin daji ko likitan shanu da bai sha rangadi a cikinta ba. Ga ta kuwa da sauƙin hali, domin abin da ke ƙarƙashinta bai wuce aksil biyu sandararru ba, kowanne ɗaure a kan damin sifirin na faifayen ƙarfe, irin wanda motoci suka gada daga kekunan doki.

A wancan zamani babu mai ɗaga mota don ƙawa, larura ce ke sa a yi. Mutum zai ɗora durom na mai mai cin lita 200, ya ƙara na ruwa, ya bi da buhunan gero da fasinja har bisa rufi, sifirin ɗin da Bature ya auna don mutum shida da akwatunansu ya kwanta ya miƙe kamar tabarma, taya ta riƙa gogar bodi a kowane rami. Dabarunmu uku ne. Ko dai mu kwance santabol mu ƙara faifai ɗaya ko biyu a cikin damin, ko mu ɗauki faifayen ɗaya bayan ɗaya mu ɗora a kan guntun ƙarfen dogo mu yi ta bugu da guduma har lanƙwasarsu ta dawo, ko kuwa, idan mai mota na sauri kuma aljihunsa ba nauyi, mu yanka masa shakul mai tsawo, wato 'yan ƙarafan nan biyu da ke riƙe da wutsiyar sifirin suna lilo. Maigidana ya haramta mana kai sifirin wuta haramci mai tsanani, saboda ƙarfen da aka gasa ya rasa taurinsa, yau ya tashi gobe ya kwanta, jibi ya karye. Ya kuma koya mana wata mas'ala da har yau masu mota ba su son ji, cewa duk yadda ka ɗaga sifirin, tulun aksil inda haƙoran difaransha suke yana nan inda yake, ba ya nisantar ƙasa ko da faɗin yatsa sai in an ƙara girman taya; ɗagawar tana samar wa babbar taya wurin zama ne kawai, tana kuma hana cikin mota da gindinta dukan tudu.

A ƙarshen 1978 wani attajiri ya tafi da ni Agadas in riƙa duba masa motoci, na tarar da sana'ar tana da wani harshe dabam, domin abin da muke kira sifirin su lam suke cewa, shokazoba ta zama amortisar, motar daji kuwa kat-kat, duk daga Faransanci. Ban yi wata biyu ba sai ga tseren nan na Paris zuwa Dakar, wanda Thierry Sabine ya ƙirƙiro, ya ratso garin a karonsa na farko cikin Janairun 1979. Mu makanikai ba mu damu da wanda ke gaba ba, ƙarƙashin motocin muke leƙe, kuma a nan na fara kwanciya a ƙarƙashin Range Rover, wadda tun 1970 aka yi ta da sifirin mai murɗi kamar awarwaro maimakon faifai. Ita ce kuwa ta zo ta ɗaya a cikin motoci a wannan shekara. Na tashi ina kaɗe rairayi daga wuyana, ina ce wa raina wannan bidi'a ba za ta jure hanyar Bilma ba. Na yi kuskure, amma wannan ƙaramin kuskure ne in an gwada shi da wanda ke tafe.

Kafin in faɗe shi wajibi ne in bayyana kusurwoyi uku da tsayuwar tayar gaba ta ginu a kansu, waɗanda a jimlace muke kira alaimen. Na farko shi ne yadda tayoyin biyu ke fuskantar juna in an dube su daga sama, ko sun ɗan haɗa baki ta gaba ko sun ɗan buɗe, kuma da tayarod ake gyara shi. A tsohuwar Landiroba littafi ya ce su haɗa da abin da bai kai milimita biyu da rabi ba, amma a sabuwarta, Defender, wadda ƙafafunta huɗu ke ja kullum, hukuncin ya juye, ana so su daidaita ko su buɗe har milimita biyu. Na biyu shi ne kamba, jinginar taya ciki ko waje in an tsaya a gabanta, wanda a sandararren aksil ba shi da wurin gyara, in ka ga ya karkace to aksil ya lanƙwashe ko beyarin ya ci. Na uku, kuma shi ne ɓoyayye, shi ne kasta, wato yadda sandar da taya ke juyawa a kanta ta ɗan kishingiɗa baya, kamar yadda cokalin keke ya kishingiɗa. Wannan 'yar kishingiɗa, wadda a Land Rover digiri uku ce kacal, ita ke sa sitiyari ya komo tsakiya da kansa bayan kwana, ita ke sa mota ta riƙe hanya ba tare da direba yana kokawa da ita ba. Ido ba ya ganinta, taya ma ba ta cika tona asirinta ba, sai dai hannun direba ya ji.

To, da Toyota ta kawo Land Cruiser samfurin 70 a 1984, hamada ta karɓe ta hannu bibbiyu, Landiroba ta soma ja da baya. Wata rana maigidan nawa na Agadas ya sayo guda mai buɗaɗɗen baya, ya ce in ɗaga masa ita kafin jibi, ni kuwa na yanka shakul dogaye na ɗaura gaba da baya, bisa ƙiyasin cewa abin da ya halatta ga Landiroba ya halatta ga 'yar'uwarta. Ashe ƙiyasi ne tare da bambanci, irin wanda malaman usulu suka ce ɓatacce ne. Shakul ɗin sifirin gaba a Landiroba yana bayan aksil, don haka tsawaita shi yana ƙara kishingiɗar nan. A Toyota kuwa yana gaba, can kusa da bamba, tsawaita shi sai ya tunkuɗa kan aksil gaba ya cinye kastar. A cikin rairayi ba a ji komai ba. Da suka hau kwaltar Arlit mota ta ɗauki gudu, sai ta fara yawo kamar akuyar da ta tsinke, da ƙafar hagu ta faɗa wani ɗan rami kuwa sitiyari ya kama karkarwa har direba ya kusa sakinsa.

"Malam," in ji Alhaji da suka dawo, "mota na ba ka ko rakumi mai farfaɗiya?"

"Allah ya huci zuciyarka, Alhaji, a ba ni zuwa gobe."

Na kwana ina canza tayarod lafiyayye ina ƙara wa tayoyi iska, ba abin da ya sauya. Da hantsi wani tsohon direba Ba'abzine, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a manyan motocin hanyar Dirku, ya tsuguna kusa da ni bai ce uffan ba, ya ɗaura noti a bakin zare ya sake shi daga saman kimfin, wato sandar nan da taya ke juyawa a kanta, ya nuna mini da haɓa inda notin ya tsaya. Sandar ta miƙe tsaye cak, kishingiɗar ta tafi. Muka sami maƙeri ya fere mana ƙarafa biyu masu siffar bakin gatari, muka cusa tsakanin sifirin da aksil, kaurin yana inda zai mayar da kan aksil baya, muka ɗaure beyarin kimfin da ya yi sako-sako, wanda shi ne ya ba karkarwar ƙofa. Tun daga ranar na riƙa ɗaukar kowane inci na ɗagawa a matsayin bashi da aka ci daga wata kusurwa, kuma ba na sallamar mota sai na gano wadda aka ci daga gare ta.

Da samfurin 80 ya zo a 1990 da sifirin mai murɗi a ƙafa huɗu, masu bin bashin suka ƙaru. A nan dogayen hannuwa biyu ne ke riƙe da aksil daga baya, in ka ɗaga motar da milimita 50 sai hannuwan su sunkuya su juya aksil, a rasa wajen digiri biyu na kasta, har ya zama mutanen Ostareliya, waɗanda dajinsu ya sa suka yi nisa a wannan fanni, suna sayar da bushin mai rami a karkace musamman don mayar da shi. Kayan Old Man Emu na kamfanin ARB a lokacin muka fara ganinsu a motocin masu yawon buɗe ido. Akwai kuma sandar Panhard, mai sunan wani tsohon kamfanin motoci na Faransa, wadda ke kwance a gicciye tana hana aksil zamewa gefe. Ɗagawa na sa ta ja aksil ɗin gefe guda, ka tsaya a bayan mota ka ga taya ɗaya ta leƙo waje ɗaya ta shige. Tiyon birki ya gajarta, furofela ta soma gurnani, sitiyari ya karkace, kuma na sha ganin yara suna cire kan sitiyarin su mayar a miƙe, alhali sandar da ta taho daga akwatin sitiyari ita ce ke neman a tsawaita.

A 1998 samfurin 100 ya zo da ƙafafun gaba masu cin gashin kansu, kowace da hannuwanta, ko da yake Toyota ta bar 105 da sandararren aksil saboda irin ƙasashenmu, shi ne kuwa ƙungiyoyin agaji suka fi saye. A waɗannan sababbi, da Hilux ta yanzu, kamba da kasta duka suna gyaruwa da ƙusoshi masu kai a karkace, sai dai iyakarsu kusa take, wanda ya zarce inci biyu zai tarar ƙusa ta ƙure, robar shaf ta yage, gefen taya ya cinye cikin 'yan watanni.

Yanzu na komo Kano, ɗana ne ke riƙe da garejin, ya kuma sayi na'urar alaimen mai kwamfuta wadda ke karanta kusurwar da ni sai na kwana ina lalube. Ba na musun falalarta. Abin da nake yi masa gardama a kai shi ne, alƙaluman da ke cikinta na motar da ba a taɓa ba ne, kuma a wofi ake hawa da motar kanta, alhali wadda za ta Dirku ba ta taɓa tafiya a wofi ba. Saboda haka in irin waɗannan suka zo nakan sa a ɗora durom biyu cike da ruwa a baya, yara biyu su zauna a gaba, a jijjiga ta sau uku, sa'an nan a auna. Shi yana kallon allonsa, ni kuma ina zagayawa da zarena daga tayar baya zuwa ta gaba, in muka saɓa a kan milimita ɗaya sai a kira direba ya kai ta titin Zariya ya saki sitiyari bayan kwana, mu ga ko zai komo.