Daga Sandar Tuta Zuwa Tauraro: Asalin Abin da Ke Rufe Mataki a Wasan Gem

Waɗanda suka yi ƙuruciya a Tsiga, Bakori da Funtua daga shekarun 1990 sun san wasan Mario, ko da a gidan maƙwabta suka riƙa jiran layi. Galibin na'urorin da suka shigo kasuwanninmu ba na Nintendo ba ne na asali. Kwaikwayon Famicom ta Nintendo ne, wadda ta fito a Japan a 1983, ana haɗa su a Taiwan da Sin. Kaset ɗinsu mai ruwan ɗorawa kan yi alƙawarin dubban wasanni, alhali 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa. Amma sandar tutar nan da Mario ke dakawa tsalle ya kama tana nan yadda masu ita suka tsara, kuma tana da tarihi.

Wasannin farko ba su buƙaci irinta ba. A Space Invaders na 1978 da Pac-Man na 1980, filin wasan gaba ɗaya yana gaban idonka. Ka share abin da ke ciki, mataki ya ƙare. Donkey Kong, wanda Shigeru Miyamoto ya tsara a 1981, shi ya kawo wurin da za a nufa: ka hau tsani har sama inda goggon biri ya tsare yarinya. A 1983 aka ƙara sharaɗi. A Manic Miner na Matthew Smith, matashi daga Ingila, ƙofar fita ba ta aiki sai ka tsince duk abubuwan da ke ƙyalli a kogon. A Lode Runner na Doug Smith, a Amurka, sai ka kwashe zinare kakaf tsanin tsira zai bayyana.

Sai 1985, da Super Mario Bros. ya fito da matakai 32, fili yana tafiya da kai zuwa dama. Wanda ba ya hango iyaka dole a kafa masa alama, kamar yadda mai huɗa ke ɗaga kai ya dubi bishiyar da ke ƙarshen kunya. Hikimar Miyamoto da abokin aikinsa Takashi Tezuka ita ce ba su bar alamar haka kawai ba, sun mai da ita jarrabawar ƙarshe. Wanda ya kama gindin sanda maki 100 ne rabonsa, wanda ya cafke can ƙoli ya tashi da 5000. Shi ya sa aka gina matattakalar bulo dab da ita. Akwai ma ɓoyayyen lada: in lambar ƙarshe ta agogo ta tsaya a 1, 3 ko 6, sai a harba tartsatsin wuta sama gwargwadon lambar. Yara da yawa sun ɗauka sa'a ce. A fadar dodo kuwa babu tuta, gatari ne a bayan dodon, wato Bowser; ka taɓa shi gada ta rufta da dodon cikin wuta, sannan har sau bakwai a shaida maka gimbiyar da kake nema ba nan take ba.

A ganina har yau ba a yi wanda ya fi sandar nan ba, domin mai koyo da gwani duk suna wucewa, amma kowa a ɗakin ya ga bambancinsu.

Wasu kamfanoni sun bi wata hanya. A Castlevania na Konami, 1986, in ka kashe babban dodo sai wani dunƙulen lu'ulu'u ya faɗo. Ɗaukarsa ke cika maka ƙarfi ya rufe matakin. Nan abin ya tashi daga alamar da ake taɓawa ya zama kayan da ake ɗauka.

Nintendo ya ɗora a kai a Super Mario Bros. 3, wanda ya fito a Japan a 1988. A ƙarshen mataki fili ya yi baƙi, ga akwati da kati a ciki yana jujjuyawa tsakanin lemar kwaɗi, fure da tauraro. Kati uku iri ɗaya na ba da ƙarin rai: biyu ga lemar kwaɗi, uku ga fure, biyar ga tauraro, in sun saɓa, ɗaya tak. Ba abin mamaki ba ne kati ya shigo, tunda da buga katin karta kamfanin ya fara a Kyoto tun 1889. Sega ta amsa da Sonic a 1991: allo mai fuskar Robotnik, abokin gabar Sonic, da ke juyawa in ka gifta, da ƙaton zobe da ke bayyana ga wanda ya iso da zobba 50.

Babban sauyin ya zo a 1996 da Super Mario 64. Fili ya buɗe ta ko'ina, babu dama babu hagu, don haka babu inda za a kafa sanda. Sai aka warwatsa taurari 120. Yawancinsu da ka ɗauka an fitar da kai daga filin, kuma da 70 za ka iya fuskantar Bowser a karon ƙarshe. Fili guda ya zama matakai da yawa, wanda ya rage cin wuri a kaset.

Wannan bai yi tashe a wajenmu ba, don na'urarsa, Nintendo 64, ba ta yaɗu ba. PlayStation ce ta cika gidajen gem, ƙwallon ƙafa kuma ya mamaye ta. Wanda ya kauce wa ƙwallo ya saka Crash Bandicoot 2 na 1997 shi ya gamu da sabon tsarin: lu'ulu'u 25, ɗaya a kowane mataki, kuma in ka kai ƙarshe ba ka ɗauko shi ba, dole ka koma ka sake daga farko.