Makarantun mishan a Kano: asalinsu da inda kuɗinsu ke fitowa

Yawancin manyan majami'u da tsofaffin makarantun mishan na birnin Kano suna bayan ganuwa ne, musamman a Sabon Gari da ke cikin ƙaramar hukumar Fagge, da kuma unguwannin da ke kewaye da ita.

An kafa da dama daga cikinsu ne da taimakon ƙungiyoyin addinin Kirista na Turai da Amurka ta Arewa. Amma a cikin shekaru ɗari da suka wuce, nauyin ɗaukar ɗawainiyarsu ya koma sannu a hankali kan mabiya na cikin gida.

Zuwan 'yan mishan

A shekarar 1900 ne wata tawaga ta ƙungiyar CMS ta ɗarikar Anglikan daga Ingila, ƙarƙashin jagorancin Bishop Herbert Tugwell, ta isa Kano. Sarkin Kano Alu bai amince su zauna ba, ya umarce su da su bar garin.

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta sa baki a harkar addininsu ba. A kan haka aka taƙaita ayyukan 'yan mishan a garuruwan Musulmi.

Shi ya sa makarantar boko ta farko da aka buɗe wa 'ya'yan Musulmi a Kano, a Nassarawa a 1909, ta gwamnati ce. Wanda ya kafa ta, Hanns Vischer, da aka fi sani da Ɗan Hausa, tsohon ɗan mishan ne da ya koma aikin gwamnati.

Wani ɗan tawagar Tugwell, Dakta Walter Miller, ya samu wurin zama a birnin Zariya a 1905. A 1929 aka mayar da cibiyar mishan ɗin zuwa Wusasa. Makarantar Wusasa ce ta yaye mutane irin su Dakta R.A.B. Dikko da Farfesa Ishaya Audu da Janar Yakubu Gowon.

Sabon Gari

Isowar layin dogo Kano a 1911 ta kawo akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa daga kudancin Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma da yawansu Kiristoci ne. Wajejen 1913 aka ware musu Sabon Gari, a maƙwabtaka da Fagge, tsohon masaukin fatake.

A nan ne aka bar majami'u su yi gini, kuma kusan kowace babbar majami'a ta kafa makarantar firamare a gefenta domin 'ya'yan mabiyanta.

Ɗarikar Katolika ta shigo ta hannun limaman ƙungiyar SMA. A 1948 mata masu hidimar addini na ƙungiyar St Louis suka iso Kano daga ƙasar Ayalan, suka fara aikin ilimin yara da 'yan mata.

Ita kuwa ƙungiyar SIM, wadda ta samo asali a 1893, ta fi shahara a Kano da aikin asibiti. Ita ce ta buɗe asibitin ido a 1943, wanda daga baya ya koma hannun cocin ECWA da aka kafa a 1954.

Hanyoyin samun kuɗi

A zamanin mulkin mallaka, makarantun mishan sun dogara ne kan hanyoyi huɗu: gudummawar majami'un ƙetare, waɗanda suka fi biyan kuɗin Turawan da aka turo, karo-karon mabiya, kuɗin makaranta da iyaye ke biya, da kuma tallafin da gwamnati ke bai wa makarantun da suka cika sharuɗɗanta.

Tun a ƙarni na 19 sakataren CMS, Henry Venn, ya fito da manufar cewa dole kowace majami'a da aka kafa ta iya ciyar da kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa kanta. Wannan manufa ta samu saurin karɓuwa a wurare irin Sabon Gari, inda mabiya ke da albashi ko sana'a.

Bayan yaƙin basasa da aka kammala a 1970, gwamnatocin jihohi da dama sun karɓe makarantun mishan, kuma shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya ƙara ƙarfin gwamnati a fannin. Daga baya majami'u sun sake buɗe makarantu masu zaman kansu, waɗanda suka fi dogara kan kuɗin da iyaye ke biya.

Horar da limamai

Horar da limami aiki ne mai cin lokaci da kuɗi. A ɗarikar Katolika yakan ɗauki shekaru takwas ko fiye.

Manyan makarantun horon na arewacin Nijeriya suna wajen Kano ne. Akwai kwalejin St Francis ta Anglikan a Wusasa, da kwalejin TCNN da ke Bukuru wadda aka fara a 1959, da makarantar St Augustine ta Katolika a Jos, da kuma JETS ta ECWA da aka buɗe a Jos a 1980.

A ɓangaren Katolika, wata ƙungiya mai suna St Peter the Apostle, da aka kafa a Faransa a 1889 kuma take ƙarƙashin fadar Fafaroma, ita ce ke tallafa wa irin waɗannan makarantu a ƙasashe masu tasowa. Mabiya a Nijeriya ma suna ba da nasu kason a kuɗin da ake tarawa domin ayyukan mishan a kowane watan Oktoba.

Shugabanci ma ya koma hannun 'yan ƙasa. Cocin Anglikan na Nijeriya ya samu cin gashin kansa a 1979, aka kafa yankin bishop na Kano a 1980. Katolika kuwa ta ɗaga Kano zuwa cikakken yankin bishop a 1999.

Taƙaddama

Tallafin waje ya sha jawo muhawara ta ɓangarori biyu.

A tsakanin Musulmi, an daɗe ana yi wa makarantun mishan kallon hanyar sauya wa yara addini, abin da ya taimaka wajen ƙyamar da aka nuna wa karatun boko a farko. Duk da haka, akwai iyaye Musulmi da ke kai 'ya'yansu wasu daga cikin makarantun saboda ingancin koyarwa. Zargin da ake yi wa masu wa'azi na ƙetare ya fito fili a Oktoban 1991, lokacin da shirin taron Bajamushen nan Reinhard Bonnke ya haddasa rikicin da aka yi asarar rayuka a Kano.

A tsakanin Kiristoci kuma, tambayar ita ce ko mai ba da kuɗi zai iya juya aƙidar mai karɓa. Bayan da cocin Anglikan na Amurka ya naɗa Gene Robinson, wani ɗan luwaɗi, a matsayin bishop a 2003, shugabannin ɗarikar na Afirka ƙarƙashin Akbishop Peter Akinola na Nijeriya sun bayyana a 2004 cewa za su daina karɓar kuɗi daga majami'un da suka goyi bayan naɗin.

Wannan mataki ya ƙara tilasta wa majami'un ɗarikar, ciki har da na Kano, neman kuɗin makarantunsu da na horar da limamansu daga aljihun mabiyansu.