Tarihin Yadda Aka Koyi Hango Jijjiga Tun Kafin Ta Zo



A littattafanmu da yawa, idan marubuci yana so ya kashe amarya, sai ya ba ta ciki. A wata na bakwai ƙafafunta su kumbura, kai ya riƙa sara mata, ido ya yi dishi-dishi, wata rana da asuba ta faɗi tana jijjiga tana taune harshe. Sai a ce iska ce, ko kishiya ta yi mata jifa. Mun karanta irin wannan, wasunmu ma mun rubuta. Amma ciwon nan yana da dogon tarihi, kuma tarihin nasa duk neman amsar tambaya ɗaya ne: ta yaya za a gane matar da zai kama tun kafin ta faɗi?

Tun a ƙarni na 17 wani likitan haihuwa a Faransa, François Mauriceau, ya lura cewa jijjiga ta fi kama masu cikin fari. A ƙarni na 18 aka raba ta da farfaɗiya, aka ba ta suna daga kalmar Girkanci mai nufin walƙiya, saboda yadda take faɗowa ba sallama. A wancan lokacin babu wanda ya san alaƙarta da hawan jini, don ba a ma da abin auna jinin.

Alamar farko da aka iya aunawa ta fito ne daga fitsari. A 1843, John Lever na asibitin Guy's da ke Landan ya gano furotin a fitsarin matan da suka yi jijjiga. Gwajin bai wuce a ɗumama fitsari a kan wuta ba, idan ya yi gajimare an san ƙoda tana zubar da abin da bai kamata ba. A 1896 ɗan Italiya Scipione Riva-Rocci ya ƙera abin auna jini da ake ɗaurawa a damtse, a 1905 kuma ɗan Rasha Nikolai Korotkoff ya nuna yadda ake sauraron bugun jinin a samu lambobi biyu. Da waɗannan aka fahimci cewa jini kan hau makonni kafin jijjiga. Yau idan awo ya kai 140 bisa 90 bayan mako 20 na ciki, ma'aikacin lafiya ya san akwai magana.

To amma abin awo ba ya aiki sai mai ciki ta zo. A 1901 wani likita a Edinbura, John Ballantyne, ya yi kira a riƙa duba mata tun suna da ciki, kada a jira naƙuda. Daga irin wannan kira awon ciki ya samo asali.

Namu rabon a tarihin ya zo daga Zariya. Tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka tattara bayanan haihuwa 22,774, aka wallafa sakamakon a 1985. Abin da ya fito fili shi ne, matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su, su suka fi mutuwa nesa ba kusa ba.

Ta fuskar rigakafi, a 1980 José Belizán da José Villar suka lura cewa matan karkara a Gwatamala, duk da talauci, ba su cika yin ciwon ba. Suna jiƙa masararsu da ruwan farar ƙasa kafin su niƙa, abin da ke ƙara mata sinadarin kalsiyam. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ba masu ciki kalsiyam a inda abinci ba ya wadatar da shi, da asfirin ɗan kaɗan ga waɗanda ke cikin haɗari. A 2017 wani babban bincike a Turai ya nuna cewa idan aka tantance mata a mako na 11 zuwa 13, aka fara ba masu haɗari asfirin, ciwon da ke zuwa kafin ciki ya isa haihuwa yana raguwa da kusan kashi 62 cikin 100.

Nan gizo ke saƙar. Waccan tantancewa tana buƙatar na'urar hoton ciki da gwajin jini mai tsada, abubuwan da ɗakin shan magani na ƙauye ba shi da su. Abin da ya rage mana shi ne tambaya da abin ɗaura damtse. Cikin fari ne? Tagwaye ne? Ta taɓa yin ciwon, ko mahaifiyarta ta yi? Tana da ciwon suga, ko na ƙoda, ko hawan jini tun da can? Tambayoyin nan ba sa cin ko kwabo, sai dai amfaninsu ya fi yawa idan mace ta zo da wuri. Shi ya sa a 2016 Hukumar ta ce a je awo sau takwas, na farko cikin mako 12. Mu kuwa kunyar cikin fari kan sa a ɓoye shi sai ya fito.

Idan ta riga ta kama, akwai allurar magnesium sulphate. Bayan an shigar da ita asibitoci goma a Jihar Kano a 2008, mutuwar masu wannan ciwo a can ta sauko daga kusan 21 cikin 100 zuwa kimanin 2.

Saboda haka ɗan uwa, idan za ka sake rubuta amarya mai kumburin ƙafa, ka tuna akwai makonni tsakanin kumburin da faɗuwar. A cikinsu akwai miji da kuɗin mota, da uwar miji da ke cewa ita a ɗaki ta haifi goma, da ma'aikaciyar awo da ke jira ranar Talata. Labarin yana nan, kuma wata mai ciki za ta karanta shi.

Allah ya sauki masu juna biyu lafiya.