Mita Ɗaya Kafin Ƙasa: Nazari Kan Iskar Jirage Masu Farfela Da Yawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon ƙaramin jirgi maras matuƙi mai farfela huɗu, irin wanda masu ɗaukar hoton biki suke tashi da shi, ya ga abin da wannan nazari yake magana a kai. A can sama jirgin kan tsaya cak kamar an rataye shi da zare. Da ya zo sauka, saura kamu biyu ko uku ya taɓa ƙasa, sai ya fara noƙewa, ya yi ta rawa, ya zame gefe. 'Yan kallo kan ɗora wa mai sarrafa shi laifi, alhali dalilin yana cikin iskar da jirgin da kansa ya tura.

Farfela tana ɗaga jirgi ne ta hanyar jawo iska daga sama ta banka ta ƙasa. Idan jirgin ya yi nisa da ƙasa, iskar kan sauka a miƙe, tana tsukewa tana ƙara gudu. Idan kuwa ƙasa na kusa, iskar ba ta da wurin wucewa, dole ta rage gudu ta bazu gefe-gefe. Wannan raguwar takan taso har inda rassan farfelar suke juyawa, sai su ciji iskar da kyau, su ba da ƙarin ɗagawa ba tare da injin ya ƙara wahala ba. Masana suna kiran wannan tasirin kusancin ƙasa, kuma matuƙan jirgi mai saukar ungulu sun daɗe suna cin moriyarsa. Jirgin da lodi ya hana shi tsayawa wuri ɗaya a sama yakan iya tsayawa dab da ƙasa.

Bajamushe Albert Betz ya yi rubutu a kan batun tun 1937, amma lissafin da ya zama karatun kowa shi ne na Cheeseman da Bennett, wanda suka yi a Ingila a 1955. Dabararsu tana da ban sha'awa: suka ɗauki ƙasa a matsayin madubi, suka ƙaddara wata farfelar a ƙarƙashinta tana hura iska sama, iskokin biyu suna karo daidai kan fuskar ƙasa. Ga yadda lissafin yake: a raba tsawon reshen farfela da ninki huɗu na tsayinta daga ƙasa, a ninka sakamakon da kansa, a cire shi daga ɗaya, sannan a raba ɗaya da abin da ya rage. Idan tsayin rabin reshe ne, ɗagawa za ta ƙaru da kashi 33 cikin ɗari. Idan reshe guda ne, kusan kashi 7. Da an kai ninki biyu, ƙarin bai kai kashi 2 ba, shi ya sa ake cewa tasirin yana ƙarewa a tsayin da ya kai faɗin farfelar.

To, a ɗauki jirgin da reshen farfelarsa santimita 12 ne. Bisa wannan lissafi, da ya wuce santimita 24 ya rabu da ƙasa. Amma idonmu yana ganin yana rawa a tsayin da ya fi haka. Me ya faru?

Cheeseman da Bennett farfela ɗaya suka yi wa lissafi, wadda iskarta ke da sararin gudu ta kowace kusurwa. Farfela huɗu ba su da wannan sarari. Kowacce iskarta kan doki ƙasa ta bazu, wadda ta nufi waje ta tsira, wadda ta nufi ciki kuwa sai ta yi kiciɓis da ta 'yan'uwanta a ƙarƙashin cikin jirgin. Ba hanyar ƙasa, ba hanyar gefe, sai ta tunkuɗo sama kamar idon ruwa ya ɓulɓulo, ta daki gangar jirgin daga ƙasa. Wani ɓangarenta ya tallafi jirgin, wani kuma ya haura ta tsakanin farfelolin, su sake zuƙe shi su banko, suna haɗiyar iskar da suka riga suka dagula. A 2017 Sanchez-Cuevas da Heredia da Ollero na Jami'ar Sebiya da ke Sifen suka auna farfela ɗaya, suka kuma auna jirgi sukutum. Farfela ɗayar ta bi tsohon lissafi daidai gwargwado. Jirgin kuwa ya samu ɗagawa fiye da abin da lissafin ya faɗa, tasirin kuma ya bi shi zuwa tsayin da ya zarce wanda aka saba faɗa. (Maƙeran jirgin yaƙi na Harrier, mai tashi a tsaye da ƙarfin jet, sun san wannan ɓulɓulowa tun da daɗewa, har suka sa masa wasu shinge a ƙarƙashin ciki don su kama ta.)

A ganina, ƙarin ɗagawar shi ne ƙaramin al'amari a nan. Babban shi ne rashin zamanta wuri ɗaya. Ginshiƙin iskar da ke tasowa ba ya tsayawa a tsakiya. Yana karkata nan da can, yana bin tazarar da ke tsakanin farfeloli, da faɗin gangar jirgi, da ɗan bambancin gudun da ke tsakanin inji da inji. Jiragen nan kuma da wannan bambancin gudun ake tuƙa su, domin rassan farfelarsu a kafe suke. Ke nan duk gyaran da kwamfutar tuƙi ta yi, ta motsa ginshiƙin, shi kuma ya sake ture jirgin.

Sai kuma abin da jirgi mai farfela ɗaya bai cika fuskanta ba. Idan jirgin ya ratsa bakin soro ko gefen tebur, farfela biyu suna kan daɓe, biyu suna kan sarari. Na kan daɓen su samu ƙarin ɗagawa, sauran su rasa, jirgin ya kife wajen sararin. Masanan Sebiya sun dage a kan wannan domin jiragen da suke ƙerawa masu hannu ne, masu aiki dab da gine-gine. Irin wannan rashin daidaito ya taɓa cin rayuka a babban jirgi, ko da yake ta wata hanyar dabam. A ranar 8 ga Afrilu 2000, a Marana ta jihar Arizona a Amurka, wani V-22 Osprey mai farfela biyu ya sauko da gudun da ya wuce ƙa'ida, farfelarsa ɗaya ta nutse cikin guguwar iskarta ta rasa ɗagawa kafin ɗayar, jirgin ya wuntsila, sojoji 19 suka mutu.

Ƙasa tana ruɗa har na'urorin jirgin. Yawancin jiragen nan da matsin iska suke gane tsayinsu, matsin kuwa yana ƙaruwa a ƙarƙashin jirgi idan ya kusanci ƙasa, sai na'urar ta ɗauka ya fi yadda yake saukowa. Shi ya sa manhajar tuƙi ta ArduPilot take da tsari na musamman don rage dogaro da wannan awo lokacin tashi da sauka. Iskar da ta bazu kuma tana kwasar ƙura ta dawo da ita kan jirgin, ta rufe idon kyamara, ta cika injina da yashi. A busasshiyar ƙasa irin tamu lokacin rani wannan ba ƙaramar matsala ba ce.

A 2019 masu bincike a jami'ar Caltech, cikinsu har da Soon-Jo Chung, suka bi wata hanya: suka bar kwamfuta ta koyi halin iskar daga tashi da saukar jirgin kansa, suka samu sauka mai laushi. Aikin ya burge ni, amma abin da kwamfutar ta koya na wannan jirgin ne da wannan daɓen. Da an sauya tazarar farfela ko faɗin ganga, sai sabon karatu.

Yanzu da ake ƙera motocin sama masu farfela shida, takwas har goma sha takwas don ɗaukar mutane su sauka a kan rufin gine-gine, lissafin 1955 bai isa a jingina rai da shi ba. Kowane jirgi a auna shi sukutum, a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da gangare da bakin soro, kafin a sa masa fasinja.