2.3 Tarihin Sigogin Rubutacciyar Waƙa da Kalmomin Nazarinta a Zariya

Masana sun nuna cewa rubutacciyar waƙar Hausa ta gaji sigoginta ne daga waƙar Larabci, musamman tun zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804. Daga can ne aka samo tsara baitoci da ƙafiya da kuma aruli, wato ilimin auna waƙa. Idan baiti yana da ɗango biyu, akan kira waƙar 'yar ƙwar biyu, idan kuwa biyar ne, 'yar ƙwar biyar. Haka kuma akwai tahamisi, inda wani sha'iri kan ƙara ɗango uku a kan kowane baiti na waƙar wani mai ɗango biyu.

Birnin Zazzau ya taka muhimmiyar rawa wajen raya waɗannan sigogi. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1920, shahararren marubucin waƙa ne. Bayansa aka yi Alhaji Aliyu Namangi, mai waƙoƙin Imfiraji, waɗanda suka bazu har makafi suka riƙa rera su wajen bara. Kafa Kamfanin Gaskiya a 1945 da na NNPC a 1966, duk a Zariya, ya sa waƙoƙin da a da ake kwafa da hannu cikin ajami suka shiga littattafan boko, suka isa makarantu.

Sai dai a lokacin akwai matsala guda: waƙar ta Hausa ce, amma kalmomin nazarinta na Larabci ne ko na Ingilishi. Malaman jami'o'i ne suka tunkari wannan giɓi, cikinsu har da Farfesa Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Shi ne ya tsara Fasaha Aƙiliya, wato waƙoƙin Aƙilu Aliyu, a 1977, ya kuma shirya ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da aka buga a 1990.

Ta irin wannan ƙoƙari ne kalmomi kamar jigo da salo da zubi da tsari suka zauna da gindinsu. Ƙafiya ta zama amsa-amo, babba da ƙarami. A fannin adon harshe kuwa aka sami kamantawa da siffantawa da jinsintarwa. Wannan ya ba ɗalibi damar feɗe waƙar Hausa da harshen da aka rubuta ta.