Gidan Tarihi na Jos da Mutanen da Suka Cika Shi

Garin Jos ba tsoho ba ne kamar Kano ko Katsina. Ba shi da ganuwa, ba shi da marina ko kasuwa mai shekara ɗari biyar. Kuza ce ta kafa shi. Tun farkon zuwan Turawa kamfanoni suka fara haƙar kuza a kan tsaunukan da ke kudu maso yamma da Bauci, watau ƙasar Birom da maƙwabtansu. Mutane suka yi ta kwararowa neman kuɗi: Hausawa leburori da 'yan koli da mahauta, Yarabawa da Ibo akawuna da masu sana'a iri iri. A shekara ta 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya haɗa Zariya da Jos da Bukuru, a 1927 kuma babban layin dogo ya iso ta Kafancan. A wannan gari na baƙi, inda yawancin mutane suna da wani garin dabam da suke kira gida, aka gina ɗaya daga cikin gidajen ajiye kayan tarihi na farko a Nijeriya. Wanda yake so ya san dalili, sai ya fara da ramukan kuza.

A zamanin nan yawancin aikin kuza da hannu ake yinsa. Lebura ya sari ƙasa da diga, a zuba a kwano, a ɗauka a ka zuwa bakin ruwa, a wanke. Da yake kuza ta fi yashi nauyi, sai ta kwanta a ƙasa, yashi ya bi ruwa. Saboda haka duk abin da ke binne cikin ƙasar sai ya bi ta hannun wani, ya kuma bi ta gaban idonsa. Leburori sukan tsinci irin duwatsun nan masu kaifi da Hausawa ke kira gatarin aradu, da duwatsun wuya, da gutsattsarin tukwane. A shekara ta 1928, kusa da wani ƙauye wai shi Nok a ƙasar Jaba, kudancin Zazzau, aka tono wani ɗan ƙaramin kai na yumɓu gasasshe, mai kama da kan biri. Baturen kuza na wurin, Kanar Dent Young, ya kai shi ofishin ma'adinai na Jos. Aka ajiye, ba wanda ya san ko mene ne, ya zauna nan shekara goma sha biyar.

A wajen shekara ta 1943 aka sake tono wani kai a ƙasar Jama'a. Wannan kan mutum ne sosai, da gyaran gashi, da idanu masu huda a tsakiya. Wani ma'aikacin kamfanin ya tafi da shi gida, ya soke shi a kan sanda a gonarsa ta doya don ya tsorata masu ɓarna. Bayan kamar shekara guda manajan kamfanin ya gan shi, ya kai shi Jos wurin wani saurayin jami'in mulki mai suna Bernard Fagg, wanda ya karanta ilmin tono kayan mutanen dā a Jami'ar Cambridge kafin ya zo Nijeriya a 1939. Da Fagg ya ajiye wannan kai kusa da na 1928, sai ya ga aikin iri ɗaya ne, ko da yake wuraren da aka same su suna da nisa da juna. Ya gane lalle akwai wata al'umma da ta zauna a ƙasar tun da daɗewa, wadda ba wani littafi ko labarin kaka da kakanni da ya ambace ta. Tun da ba a san sunan da suke kiran kansu ba, sai aka sa musu sunan ƙauyen farko, aka ce mutanen Nok.

To, ga abu ya samu, amma ta yaya za a tara shi? Ƙasar da kayan ke fitowa tana da faɗi ƙwarai, ramukan kuza ba su ƙidayuwa, Fagg kuwa mutum ɗaya ne. Kowace rana diga tana farfasa abin da ya yi shekara dubu biyu a kwance lafiya, ruwan wanki yana tafiya da gutsattsarin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai ya shiga yawo daga wannan rami zuwa wancan, yana yi wa manajoji da helumai da leburori bayani, yana roƙonsu in sun ga irin wannan su tsame shi, su kuma riƙe inda suka same shi da zurfin wurin. Wannan na ƙarshe shi ne muhimmi, gama kai na yumɓu in ba a san inda ya fito ba, abin kallo ne kawai, ba ya faɗin shekarunsa ko yadda masu shi suka zauna. Da haka kaya suka fara taruwa, waɗansu kyauta, waɗansu saye. Yawancin sunayen mutanen da suka tsamo su daga laka ba su shiga littattafai ba, amma hannunsu ne ya cika ɗakin.

Gwamnati kuma ta fara farkawa. A 1943 aka naɗa Kenneth Murray, wanda dā malamin zane ne, ya zama mai kula da kayan tarihi na ƙasa, a 1947 Fagg ya bar aikin mulki ya zama mataimakinsa. An riga an yi wani ɗan ɗaki a Esie, ƙasar Ilori, a 1945 don adana mutum-mutumin dutse da ke can. Amma na Jos, wanda aka buɗe a watan Afirilu na 1952, shi ne na farko da aka gina babba domin jama'a su shigo su gani. Na Ife ya biyo baya a 1954, na Ikko a 1957. A 1953 kuma majalisa ta yi dokar kayan tarihi, wadda ta hana a fita da su daga ƙasar sai da izini. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, yana Ministan Ayyuka a lokacin, shi ya gabatar da ita.

Gina ɗaki da jera kaya cikin akwatunan gilashi abu ne mai sauƙi in akwai kuɗi. Abin da ya fi wuya shi ne jawo mutanen gari su ɗauki wurin nasu ne. Lebura da ya yini cikin rami, ko mai tallan goro, me zai kai shi kallon fasasshen kai na yumɓu? Ga shi kuwa yawancinsu ba su karanta rubutun boko da ke jikin akwatunan. Masu gidan suka yi dabara, suka mai da filin da ke kewaye da ginin wurin shan iska. Aka yi gidan namun daji a gefe, yara suka ja iyayensu zuwa ganin birai da kadoji, daga can kuma a leƙa ɗakin tarihi. Da aka rufe ƙaramin jirgin ƙasa na Zariya a 1957, aka kawo kan jirgi da taragu aka ajiye, domin wanda ya taɓa hawansa ya nuna wa jikansa. Aka ba masu sana'ar hannu wurin zama su yi aiki, su sayar wa baƙi. Aka gina gidan cin abinci bisa fasalin gidan wani basarake na Binin. Makarantu suka riƙa kawo yara, ranar salla da ta Kirsimeti kuwa wurin yakan cika.

Sa'an nan aka ƙara abin da mutane suka sani a gidajensu. Wata Baturiya, Sylvia Leith-Ross, wadda ta fara zuwa Nijeriya a 1907, ta komo tana da shekara saba'in da 'yan kai, ta yi ta bin kasuwannin ƙauye tana sayen tukwane da tuluna da randuna, tana rubuta inda aka gina kowanne da abin da ake yi da shi. Aka yi musu rumfa ta musamman, littafinta a kansu ya fito a 1970. Mace daga ƙasar Gwari ko Jarawa ko Nufe in ta shigo, sai ta ga irin tulun garinsu an ajiye shi da daraja kamar kan Nok. Haka kuma aka tara littattafan Larabci rubutun hannu daga malaman Arewa, aka buga jerin sunayensu a London a 1965. Ta wannan hanya malamin zaure shi ma ya sami abin da ya shafe shi.

Sunan gidan ya kai nesa. A 1963, da taimakon hukumar UNESCO, aka buɗe makaranta a nan don koya wa ma'aikatan gidajen tarihi na ƙasashen Afirka yadda ake gyaran kaya da adana su da jera su. Ana koyarwa da Turanci da Faransanci, saboda haka ɗalibai suka zo daga ƙasashen da Ingila ta mulka da waɗanda Faransa ta mulka. Fagg, wanda ya gaji Murray a 1957, ya koma Ingila ya shugabanci gidan tarihi na Pitt Rivers a Oxford. Tonon da ya yi a Taruga, kusa da Abuja, ya nuna mutanen Nok suna narkar da tama tun ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa. A 1968 Ekpo Eyo ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe ma'aikatar.

Aiki mafi girma da aka ƙara shi ne na gine-ginen gargajiya. Wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya yi shekaru yana auna gidaje da masallatai da fadoji a ko'ina cikin Nijeriya. Daga 1972 ya sa magina suka gina kwatankwacinsu a filin gidan tarihi da ƙasa da azara, kamar yadda aka yi na asali. Akwai yankin ganuwar Kano, da wani ɓangare na gidan Sarkin Katsina, da masallacin Jumma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Amma ginin ƙasa yana da sharaɗi, wanda kowane Bahaushe ya sani: kafin damina sai an yi yaɓe, an duba indararo. A Kano mai gida da 'ya'yansa su ke yi, gama a ciki suke kwana. A Jos kuwa, inda ruwan sama ya fi na Kano nesa ba kusa ba, ba mai kwana cikin ɗakunan, sai an jira kuɗi daga gwamnati. Duk shekarar da kuɗi suka makara, damina ba ta jira. Da yawa cikin gine-ginen sun zaizaye, waɗansu sun rushe.

Wata masifa kuma ta zo daga waje. Da labarin Nok ya bazu a duniya, attajiran Turai da Amurka suka fara neman kayan da kuɗi mai yawa. A watan Janairu na 1987 ɓarayi suka fasa gidan tarihi na Jos da dare, suka yi wa mai gadi duka, suka kwashe abu tara daga cikin mafi daraja. Ɗaya daga ciki, wani kai na tagulla daga Ife, ya ɓulla a Ingila bayan shekara talatin. Abin da ya fi wannan muni shi ne na ƙauyuka. Bayan 1990, lokacin da kuɗin Nijeriya ya faɗi, aikin kuza kuma ya riga ya durƙushe, dillalai suka shiga ƙasar Nok suna biyan mutane su yi tono. Aka yi ta haƙa ramuka cikin gonaki da kan tuddai, aka kwashe kaya ba adadi, ba wanda ya rubuta wuri ko zurfi. A shekara ta 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Nok cikin jerin abubuwan da ta gargaɗi kowa kada ya saya. A wannan shekara kuma aka ga waɗansu an jera su a gidan Louvre na Faris, har aka yi ta jayayya, sai a 2002 Faransa ta yarda na Nijeriya ne, aka bar mata aro na shekara 25.

Mai karatu zai lura irin mutanen da suka cika ɗakin a zamanin Fagg, watau masu diga da manoma, irinsu ne dillalai suka nema daga baya. Mutanen ba su sake hali ba. Dā akwai wanda yake zuwa har bakin rami, ya san su, ya gaya musu amfanin abin, ya kuma nuna musu inda za a ajiye shi su zo su gani da 'ya'yansu. Da wannan zuwa ya yi ƙaranci, talauci kuma ya matsa, wanda ya zo da kuɗi a hannu shi ya samu.

Daga 2005 masana na Jami'ar Frankfurt ta Jamus, tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya wadda aka kafa a 1979, suka yi shekaru suna tono a ƙasar Nok, da taimakon mutanen ƙauyukan da suka san inda kayan suke. Suka gano al'ummar ta fara tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, suna noman gero, aikin mutum-mutumin kuma ya fara wajen shekara 900. Aka nuna kayan a Frankfurt a 2013, sa'an nan aka komo da su Kaduna.

Gidan tarihi na Jos yana nan har yanzu, ya wuce shekara saba'in. Bukatunsa ba su sake ba: abincin namun daji kowace safiya, albashin mai gadi kowane wata, yaɓe kowace bazara, da littafin da ake rubuta kowane abu da inda ya fito. Bayan waɗannan akwai wadda ba ta cikin kasafin kuɗi, watau manomin da garmarsa za ta tono kai na yumɓu gobe ya san hanyar gidan, ya kuma ga dalilin da zai sa ya bi ta.